Babbar jami'a a tsakiyar birni ko ƙarama can gefe? Waɗanda suka yi su faɗa min gaskiya

Sabuwar Ɗaliba:
Salamu alaikum yayyena da iyayena na wannan zaure. Don Allah shawara nake nema, kuma na fi son waɗanda suka ɗanɗana da kansu su yi magana ba ji-ta-ji-ta ba. Na samu gurbi a wuri biyu. Ɗaya babbar jami'a ce a tsakiyar babban birni irin wacce ɗalibanta sun haura 50,000, ɗayar kuma ƙarama ce a wani gari mai shiru, duka-duka ɗaliban ba su kai 4,000 ba. Kwas ɗin iri ɗaya ne, ilimin kwamfuta. Yayana sai cewa yake babbar zan je don sunanta kaɗai ya isa ya samo min aiki, mamata kuma ta ce ɓacewa zan yi a cikin taro ba wanda zai san ina raye. Ni dai kaina ya kulle wallahi, ga sati biyu ya rage in yi rajista. Da gaske sunan yana aiki in an gama? Kuma ya zaman yake a ciki?

Injiniya B:
Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki. Ni babba na yi kuma ko yau aka ce in sake zaɓe ita zan sake ɗauka, amma ba zan yi miki ƙarya ba, maganar Mama gaskiya ce a shekarar farko. Ranar da na fara shiga lakca mu wajen 700 ne a ɗaki ɗaya, wasu a kan benci wasu a kan taga wasu a tsaye, lasifikar ma tana yi tana yankewa, malamin can ƙasa kamar ɗan tsako, in ya rubuta abu a allo sai na gaba su kwafa su miƙo wa na baya. Ba ki da suna a wurin, lamba ce ke. Na yi wata uku ban yi magana da malami ko ɗaya ba.

Amma ga inda abin ya juya. A aji uku na gane cewa tasha uku ce kawai tsakanin ƙofar makarantarmu da unguwar da kamfanoni suke. Na fara zuwa tarukan da suke yi da yamma na masu sana'ar, kyauta ne ba wanda zai tambaye ki kati, ki zauna ki ji yadda masu aikin suke magana. A nan wani ya ce suna neman yaron da zai riƙa taya su gwaji kwana biyu a sati. Na yi shekara da rabi ina wannan ina karatu. Ranar da na gama jarrabawar ƙarshe ban rubuta takardar neman aiki ba, tebur ɗina yana jirana. Da a garin da ba kamfani nake, ina zan ga wannan?

Ba Ruwana:
Injiniya kai dai ka ce ka yi sa'a kawai, mu ma tasha ukun ce tsakaninmu da su amma ta gilashin bas muka riƙa gaisawa har muka gama

Maman Biyu:
Ba Ruwana da wasa ka faɗa amma ita ce maganar. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ƙanwata ki saurare ni da kyau don ni ma babbar na yi, kuma labarina ba irin na Injiniya ba ne ko kaɗan. Ban samu ɗaki a cikin makaranta ba, haya kusa da makaranta kuma ta fi ƙarfin gidanmu, sai na zauna wurin 'yar'uwar babana can ƙarshen birni. Mota biyu nake hawa, in lakca ƙarfe 8 ce to kafin gari ya waye na fita, kuma duk da haka in na iso kujeru sun ƙare. Da yamma ana tashi gudu nake kar dare ya yi min a cunkoso. Awa uku zuwa huɗu kullum a hanya, shekara huɗu. To taron yamma da Injiniya yake faɗa da wane lokaci zan je? Ƙungiyar ɗalibai ko ɗaya ban shiga ba, laburare sai ranar da lakca ta faɗi.

Abin da ya fi yi min ciwo kuwa, da na gama ina neman gurbin digiri na biyu aka ce in kawo takardar shaida daga malami. Na je wurin wanda ya koyar da ni semista uku, kuma duk na ci kwas ɗinsa da kyau. Ya ɗago kai ya dube ni ya ce ke ɗalibata ce? Na ce eh Malam. Ya ce to je ki rubuto abin da kike so a ce a kanki in sa hannu. Na fito na tsaya a baranda na rasa me zan rubuta, wai ni zan yabi kaina da bakin mutumin da bai san fuskata ba. Ban ga laifinsa ba fa, mutum nawa zai riƙe? Amma ki san abin da za ki shiga kenan.

Sabuwar Ɗaliba:
Innalillahi. Anti wannan ya tsorata ni gaskiya, don ni ma ba tabbas zan samu ɗaki a ciki

Baban Afnan:
Bari in sa baki ta ɓangaren da nake, shekara 11 ina cikin masu tace takardun neman aiki a wurinmu. 'Yata, maganar yayanki rabinta gaskiya ce. In takardu 300 suka shigo kan gurbi biyu ba wanda zai karanta su layi-layi, ido ne yake gudu, kuma sunan makarantar da muka sani yana sa ido ya ɗan tsaya. Iya abin da sunan yake yi kenan, ya sa a tsaya a karanta. Daga nan abin da za a nema shi ne me kika taɓa yi da hannunki. A intabiyu ban taɓa jin wani a cikinmu ya ce a ɗauki wane saboda makarantarsa ba, amma na sha jin an ce a ɗauke shi don ya yi wata shida a wuri kaza kuma ya iya bayanin abin da ya yi. Bayan aikin farko kuwa sunan makaranta ya zama tarihi, mai shekara biyar yana aiki ba mai tambayarsa ina ya yi karatu sai dai don hira.

Wani abu kuma da ba mu cika faɗa a fili ba, dalilin da ya sa muke yawan ɗaukar 'yan babbar jami'ar da ke garinmu ba don sun fi kowa ƙwaƙwalwa ba ne. Kusa suke. In muna son masu sanin makamar aiki sai a aika mutum ɗaya da safe ya dawo kafin azahar, ba kuɗin tafiya ba kwana. Ga shi kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatanmu can suka gama, to in gurbi ya fito kafin a manna sanarwa sun riga sun gaya wa ƙannensu.

Ɗan Ƙididdiga:
Abin da Baban Afnan ya faɗa akwai bincike da ya taɓo shi. A Amurka wasu masana tattalin arziki biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun fitar da nazari a 2002. Dabarar da suka yi ita ce ba su kwatanta ɗan makaranta mai suna da kowa-da-kowa ba, sai suka kwatanta ɗaliban da suka nemi makarantu iri ɗaya aka kuma karɓe su iri ɗaya, wani ya tafi mai wuyar shiga wani ya zaɓi wacce ba ta kai ta ba. Da aka duba abin da suke samu bayan shekaru sai aka ga kusan ɗaya ne. Ma'ana yaron ne yake ɗauke da abin, makarantar ta same shi da ƙoƙarinsa. Amma akwai inda suka ga bambanci, 'ya'yan marasa ƙarfi su sun fi amfana da zuwa mai sunan, kuma da suka sake nazarin daga baya sun ga haka ga waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne ɗan mai hali ya zo da mutanensa tun daga gida, shi kuwa ɗan talaka a makaranta zai samo su.

Sai dai a lura, wannan magana ce ta wuyar shiga da suna, ba ta girma ba. Abu biyu ne daban kuma a nan zauren naga ana ta cakuɗa su.

Ba Ruwana:
To Farfesa mu dai an ce da mu Amurka, mu da ko biza ba mu da ita

Ɗan Ƙididdiga:
Haha Ba Ruwana ai ban ce a ɗauke shi kamar aya ba, can aka yi shi kuma kasuwar aikinsu daban. Amma tambayar da suka yi tana aiki a ko'ina: shin makarantar ce ta gyara yaron ko kuwa yaran kirki ta tara? Kuma tunda ka tsokane ni bari in ƙara ɗaya wanda shi ya fi kusa da tambayar ƙanwarmu. A 2017 Raj Chetty da abokan aikinsa sun bi bayanan haraji na miliyoyin mutane don su ga wace makaranta ce ta fi ɗauko yara daga gidajen da ke kashi ɗaya cikin biyar mafi ƙarancin samun kuɗi ta kai su kashi ɗaya cikin biyar na sama. Ba Harvard ce ta zo kan gaba ba. Jami'ar jihar Kalifoniya da ke Los Angeles ce, kusan ɗalibi 1 cikin 10 nata ya yi wannan tsallaken, sannan rassan jami'ar birnin New York wato CUNY da yawa suna sahun farko. Waɗannan manyan makarantun gwamnati ne na cikin birni, yawancin ɗalibansu daga gida suke zuwa, da yawa suna aiki suna karatu, irin su Maman Biyu sak. Manyan masu suna in talaka ya shiga yana cin riba sosai, matsalar dai kaɗan suke ɗauka.

Maman Biyu:
Ɗan Ƙididdiga na ji, 1 cikin 10. Sauran 9 ɗin fa? Ni abin da yake damuna da irin wannan hira kenan, wanda ya ci shi yake zuwa ya ba da labari. Mu da muka fara aji ɗaya na san mutum huɗu a layinmu kaɗai da suka bari kafin aji uku, ba don ba su da kai ba, ɗaya keri-oba ta taru masa saboda sakamakonsa ya ɓace a ofis ya yi semista biyu yana bin sawu daga wannan tebur zuwa wancan har ya gaji. Ba wanda ya kira shi ya ce wane ina ka shiga. Waɗannan ba sa cikin zauren nan balle su ce kar ki je.

Ɗan Ƙididdiga:
Anti gyara kaɗan, ba wai 9 ɗin sun faɗi ba ne, lissafin na dukkan ɗaliban makarantar ne har da waɗanda dama ba daga ƙasa suka taso ba, kuma hawa har can ƙololuwa ake ƙirgawa. Amma asalin maganarki na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Misali jami'ar Buenos Aires a Ajantina, tun 1821 take, ɗalibanta wajen 300,000, digirin farko kyauta ne kuma ba jarrabawar shiga. Amma tun 1985 kowa sai ya bi ta wata shekarar share fage, kuma a nan jama'a da yawa suke zubewa. Ƙofar a buɗe take, tacewar a ciki ake yi. Manyan jami'o'i da yawa haka suke ko ba su faɗa ba.

Malamin Aji:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba don ni ne wanda ake ƙararsa a nan. Shekarata 14 ina koyarwa a irin wannan jami'ar. Maman Biyu Allah ya ba ki haƙuri, ban san malaminki ba amma na san na taɓa yi wa wata irin haka.

Bari in nuna muku teburina. Kwas ɗin aji ɗaya da nake ɗauka bara mutum 640 suka zauna jarrabawa. In na ba kowace takarda minti 6 kawai, awa 64 kenan, ban ci abinci ba ban koyar da sauran azuzuwa ba ban duba masu furojet ba. Shi ya sa kuke ganin tambayoyin zaɓi-ɗaya, ba lalaci ba ne, lissafi ne. Kuma lakcar da mutum ɗaya zai tsaya yana zuba awa biyu ɗalibai suna kwafa mu kanmu mun san ba ita ce hanya mafi kyau ba. Akwai wani nazari na 2014 da Scott Freeman da abokansa suka haɗa bincike 225 kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci, suka ga a ajin da ake zuba lakca zalla wajen kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa, inda kuma ake sa ɗalibai su warware matsala su tattauna a cikin aji wajen kashi 22. Ana iya yin hakan ko a babban aji, ina gwadawa, in jefa tambaya in ce kowa ya juya ya yi gardama da na kusa da shi minti biyu. Amma da mutum 40 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

To ga ɗaya gefen. Ina da awa biyu duk ranar Laraba da na ware ƙofata a buɗe don ɗalibai, na rubuta a allo na manna a ƙofa. Cikin 640 ɗin nan waɗanda suka taɓa shigowa ba su kai 20 ba, kuma sati biyu kafin jarrabawa ne rabinsu suka zo. Yawancin Larabar ni kaɗai nake zaune ina aikina. Waɗanda suke zuwa tun farkon semista, su biyar ko shida, na san sunansu na san inda suke da rauni, in wani kamfani ya kira ni ya ce turo mana yara biyu to su nake turawa don su na sani. Babu wani sirri bayan wannan.

Kuma taron nan ba ya ɗorewa. Aji ɗaya da biyu ne kasuwa. In kin kai aji uku da huɗu aka rabu kowa ya kama fanninsa za ki ga aji ya koma 30 ko 50, kuma a nan girman yake biyan bashinsa, don sashe mai malamai 60 zai iya ba ki wanda duk rayuwarsa tsaron intanet yake bincike, wani sarrafa harshe, wani na'urorin asibiti, ga masu digiri na biyu da na uku suna yawo a ɗakin gwaji waɗanda sau da yawa su suka fi mu koya wa yara aiki.

Maman Biyu:
Malam na gode da ka faɗi gaskiya. Amma Larabar nan ƙarfe nawa ne?

Malamin Aji:
4 zuwa 6 na yamma.

Maman Biyu:
To ka gani. Lokacin ni ina tasha ina kokawar mota.

Malamin Aji:
Wallahi kin kama ni, ban taɓa kallonsa ta nan ba. Ni na zaɓi lokacin ne don shi ne ba ni da aji. Kuma in na tuna, yaran da suke zuwa ɗin kusan duk a cikin makaranta suke kwana. Zan duba ko zan mayar da awa ɗaya tsakar rana semista mai zuwa.

Mai Shiru:
Tunda duk 'yan babba ne suke magana bari ɗan ƙarama ya ce wani abu kar a yi mana hukunci ba ma nan. Mu 28 ne a ajinmu daga farko har ƙarshe. In ban zo lakca ba malami zai tambaya, akwai ranar da na yi rashin lafiya shugaban sashe da kansa ya aiko a duba ni. Daga ɗakina zuwa aji minti 7 a ƙafa. Na yi karatu na ƙoshi, takardar shaida kuwa da na nema shafi biyu aka rubuta min har da labarin wani aiki da na yi a aji biyu wanda ni na manta da shi.

Amma kar in yi muku daɗin baki. Malami ɗaya ne tak yake koyar da fannin da nake so, muna aji uku ya samu wani wuri ya tafi, shikenan kwas ɗin ya mutu, furojet ɗina dole na canja zuwa abin da ba ya raina. Lokacin sanin makamar aiki kuma duk garin ba inda zan je, sai da na tattara na tafi birni na kwana a falon wani abokin yayana wata huɗu. A can na ga yaran babbar jami'a, wallahi ba su fi ni sanin littafi ba, wasu ma na fi su, amma sun san gari, sun san wa ake kira, sun san yadda ake shiga ofis a yi magana ba tare da murya ta yi rawa ba. Da ɗan gari akan ci gari. Na yi kusan shekara bayan gamawa kafin na samu abin yi, su kuwa wasunsu tun kafin sakamako ya fito.

Injiniya B:
Yauwa Mai Shiru ka taimake ni. Ni abin da nake nufi kenan tun farko, ba ajin ba ne, jama'ar ce. Yau shekara 9 da gamawata, duk ofishin da na shiga a fanninmu sai na tarar da wanda muka yi makaranta ɗaya ko da ba mu taɓa gaisawa ba lokacin. Aikina na biyu ma ba aminina ne ya haɗa ni ba, wani ne da muka taɓa yin aikin rukuni sau ɗaya a aji biyu, lambarsa kawai ta rage a wayata.

Ɗan Ƙididdiga:
Injiniya ka faɗo kan wata tsohuwar magana ba ka sani ba. Mark Granovetter ya rubuta wannan tun 1973. Ya tambayi ma'aikata a wani gari kusa da Boston yadda suka samu aikinsu, cikin waɗanda suka samu ta hanyar wani mutum kashi 17 cikin ɗari ne kawai suka ce mutumin suna yawan haɗuwa, sauran duk sanin jefi-jefi ne. Dalilin kuma in ka duba ba abin mamaki ba ne, amininka abin da ka sani shi ma ya sani don wuri ɗaya kuke yawo, labarin da ba ka ji ba yana wurin wanda kuke sanin shanu. Mutanen da ya tambaya ba su da yawa, amma a 2022 an buga wani gwaji da aka yi a LinkedIn, shafin sada ma'aikata da masu neman aiki, kan mutum miliyan 20 kuma ya nuna kusan haka, sai dai ba sani mafi rauni ne ya fi amfani ba, matsakaicin sani ne. To babbar jami'a injin ƙera irin wannan sanin ce. Amma sai in kin zauna an san fuskarki, wanda ya shiga aji ya fita a guje shekara huɗu ko sanin shanun bai tara ba.

Baban Afnan:
Ƙari a kan wannan, 'yata ki tambayi makarantun biyu abu ɗaya takamaimai: shin aiki a kamfani yana cikin tsarin karatun ne, su suke nema wa ɗalibi wuri su bi sawunsa, ko takarda kawai za su ba ki su ce je ki nemo? Bambancin yana da girma. Tsarin haɗa karatu da aiki ba sabo ba ne, jami'ar Cincinnati ta fara shi a 1906 lokacin da wani malamin injiniyanci Herman Schneider ya sa ɗalibai suna musanya tsakanin aji da masana'anta, Northeastern a Boston ta bi a 1909, kuma duk a birane masu masana'antu aka yi don sai da wurin aiki a kusa abin yake yiwuwa. Amma zama a birni kaɗai ba ya nufin makaranta tana yi. Na san manya da suke tsakiyar kamfanoni amma ofishin da ya kamata ya haɗa su kullum a kulle.

Ba Ruwana:
Namu ofishin a buɗe yake kullum, mutumin ciki ne dai ba ya nan

Mai Shiru:
Ni kuma zan ce ta duba halinta. Ba kowa ne zai iya ƙwanƙwasa ƙofar malamin da bai san shi ba. Ni a lokacin da na gama sakandare ko tambaya a aji ba na iya yi, da an jefa ni cikin mutum 700 da na nutse shiru ba wanda ya ji. Ƙaramar ce ta koya min buɗe baki. Ƙanwata ke kin san kanki, in kin ga abu bai yi miki ba kina iya tashi ki bi shi ofis-ofis ko kina jira a tambaye ki?

Sabuwar Ɗaliba:
Gaskiya Yaya ina da baki, a makarantarmu ni ce mai zuwa wurin malamai in an rasa mai zuwa. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya tsaya min yanzu maganar Anti Maman Biyu ce. Na kira wata da take aji biyu a can ta ce ɗakunan ciki ba sa isa, 'yan aji ɗaya wasu suna samu wasu ba sa samu kuma sai an gama rajista ake sani. In ban samu ba gidan kawuna zan zauna, shi kuma ya ce ba nisa, amma shi da motarsa yake fita kuma ba ta wannan hanyar yake bi ba.

Injiniya B:
Ko da nisa ki daure, shekara huɗu ce kamar yau. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Maman Biyu:
Injiniya kai a ina ka kwana lokacin?

Injiniya B:
A ciki, shekara uku. Ta ƙarshe muka kama ɗaki bayan katanga.

Maman Biyu:
To Allah ya ba ka lafiya, ba kai za ka ba da fatawar gudu ba. Ƙanwata kar ki ɗauki "ba nisa" daga bakin mai mota. Gani ya kori ji. Ki je gidan kawun naki ki kwana ranar Lahadi, Litinin ki tashi kamar kina da lakca ƙarfe 8, ki hau abin da za ki riƙa hawa, ki duba agogo daga ƙofar gida har ƙofar ajin, ba ƙofar makaranta ba don wasu makarantun daga get zuwa sashe ma tafiya ce. Ki yini a can, ki shiga ajin 'yan aji ɗaya ki zauna ba wanda zai hana ki tunda ba wanda ya san kowa. Sannan ki jira sai ƙarfe 6 ki kamo hanyar gida, don ta yamma ita ce ta gaskiya. In duka zuwa da dawowa bai wuce awa ɗaya da rabi ba ni da kaina zan ce ki je babbar. In ya kai uku ki zo mu sake zama.

Malamin Aji:
In kin je ki leƙa allon sanarwa na sashen, ki ga ko akwai takardun kamfanoni masu neman ɗalibai da kwanan watan da ke jiki. In na bara ne ko na bariya suka rage a manne kin samu amsar tambayar Baban Afnan ba sai kin tambayi kowa ba. Ki kuma tare 'yan aji huɗu biyu ko uku ki tambaye su su nawa ne a ajinsu yanzu da kuma su nawa suka fara.

Sabuwar Ɗaliba:
To na rubuta duka. Na yi wa kawu magana ya ce in zo Lahadin. Ƙaramar kuma Yaya Mai Shiru zan kira su gobe in tambayi malamai nawa ne a sashen, kar nawa ma ya tafi a aji uku. Anti in ruwan sama ya sauka ranar Litinin ɗin in fasa in bari sai Talata?

Maman Biyu:
A'a, ranar ma ta fi. Ki tafi da lema.